Bayan katangar tsaro da antibairos, sai an ƙara manhajar kama leƙen asiri?

Tambaya ce da ta daɗe tana yawo tsakanin masu kwamfuta, kuma har gobe ana yi wa masu gyara ita. Ga katangar tsaro a kunne, wadda suke ce wa fayawol, ga antibairos yana aiki, to akwai buƙatar a sake ɗora wata manhaja ta uku wadda aikinta kawai farautar manhajojin leƙen asiri, wato masu tattara bayanan mutum a ɓoye su aika wa wani? A shekarar 2004 amsar e ce, babu ko tantama. A yau kuwa, ga mafi yawan mutane, a ganina amsar a'a ce. Sai dai wannan a'ar tana da hatsari idan aka ɗauke ta a guntule, domin mai jin ta zai zaci an gama da matsalar ke nan. Abin da ya faru shi ne leƙen asirin ya tashi daga wuraren da waɗannan manhajoji ke dubawa, ya koma inda hannunsu ba ya kaiwa, kuma ko guda nawa ka tara a kwamfutarka ba za su bi shi can ba.

Katangar tsaro ita ce aka fi ɗora wa nauyin da ba nata ba. Aikinta tace zirga-zirgar bayanai tsakanin kwamfuta da waje. Kamar mai gadin ƙofar gida take: baƙon da ya zo ba a kira shi ba za ta tsayar da shi, amma ɗan gida da ya fito da ƙunshi a hammata ba ta cewa ya kwance a gani. Wadda ke cikin Windows haka ake saita ta tun daga kamfani, tana toshe abin da ke neman shigowa ba da gayyata ba, tana barin abin da ke fita ya wuce, sai dai in mai kwamfutar ya kafa wata doka da kansa. An ƙarfafa ta ne don maganin irin bairos ɗin nan masu yaɗa kansu ta intanet, irin su Blaster na 2003 da Sasser na 2004, waɗanda ke shiga kwamfuta da zarar an jona ta, ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Shi ya sa kamfanin Microsoft ya mayar da ita a kunne kai tsaye a babban gyaran da ya yi wa Windows XP a 2004, kuma ta yi aikin da aka sa ta.

Ita manhajar leƙen asiri ba ta ƙwanƙwasa ƙofa daga waje. Mai kwamfutar ne ke sauke ta da hannunsa, a haɗe da wani abu da yake so. Idan ta tashi aika abin da ta tara, ta kafa mai lamba 443 take bi, wato kafar da shafin bankinka da Gmail da Facebook duk suke bi, kuma a kulle saƙon yake fita yadda katangar ba ta iya karanta shi. Akwai katangun da ke tambayar mutum kafin kowace manhaja ta fita, amma duk wanda ya taɓa amfani da su ya san ƙarshen abin. Tambayar tana yawa, sunayen fayilolin ba sa faɗa maka komai, kafin mako ya zagayo ka koma danna amincewa ba tare da karantawa ba.

To me ya sa shi antibairos ɗin, wanda ke duba cikin kwamfutar, bai kama su ba tun farko? A nan labarin yake, kuma wanda bai san shi ba zai ci gaba da bin shawarar da zamaninta ya wuce.

Bairos na wancan lokaci aikin ɓata-gari ne da ke ɓoye fuskarsu. Yana kwafar kansa daga fayil zuwa fayil, yana lalata aiki, babu wanda zai fito ya ce nasa ne. Kamfanin antibairos yana goge shi ba tare da tsoron kowa ba. Manhajojin leƙen asiri da na cusa talla da suka cika kwamfutoci a farkon shekarun 2000 kuwa kamfanoni ne ke yin su, masu ofis da ma'aikata da lauyoyi, waɗanda manyan 'yan kasuwa ke biya su yi musu talla. Mutum zai sauke manhajar kyauta irin su Kazaa don musayar waƙoƙi, yana danna gaba, gaba, gaba, bai lura cewa a cikin doguwar yarjejeniyar da ya amince da ita an rubuta za a ɗora masa wasu manhajoji da za su riƙa bibiyar shafukan da yake shiga ba. Wata mai suna Gator tana taimaka wa mutum cike fom da tuna kalmar sirri, a lokaci guda tana lura da inda yake zuwa tana ɓullo masa da tallace-tallace. Da aka fara kiran ta manhajar leƙen asiri, kamfanin ya maka shafin PC Pitstop, ɗaya daga cikin masu kiran ta da wannan suna, a kotu a 2003, a shekarar kuma ya sauya suna zuwa Claria. Wani kamfanin, Zango, wanda a 2006 ya amince ya biya hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, dala miliyan 3 kan yadda ake cusa manhajarsa, shi ma ya kai kamfanin antibairos na Kaspersky ƙara saboda yana toshe masa kaya. Sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Kaspersky gaskiya.

Hujjar waɗannan kamfanoni guda ce: mai kwamfutar ya amince. Manyan kamfanonin antibairos suka yi ta jan ƙafa, domin goge manhajar kamfani mai rajista yana iya kai su gaban alƙali. Ƙananan masu sana'a ne suka cike giɓin. Steve Gibson ya fitar da OptOut a 2000, kamfanin Lavasoft ya fitar da Ad-Aware, wani Bajamushe, Patrick Kolla, ya rubuta Spybot. Su ne ke shiga rajistar Windows, wato inda Windows ke adana saituttukansa, da saitin burauza suna tumɓuke abin da antibairos ya gani ya kawar da kai. A 2005 abin ya kai intaha, lokacin da wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya gano cewa fayafayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa wata manhaja da ke ɓoye kanta a cikin Windows don hana kwafa, kuma an ɗauki watanni fayafayan suna kasuwa ba tare da manyan manhajojin tsaro sun ce uffan ba. Saboda haka wanda ya ce maka a wancan lokaci ka haɗa uku, katanga da antibairos da mai kama leƙen asiri, gaskiya ya faɗa. Amma rabin giɓin da ake cikewa na tsoron shari'a ne, ba wai don fasahar gano su ta gagari kowa ba.

Giɓin bai daɗe ba. A watan Disamba na 2004 Microsoft ya sayi kamfanin GIANT mai yin manhajar kama leƙen asiri, a farkon 2005 ya fitar da ita kyauta, daga baya ta zama Windows Defender, aka saka ta cikin Windows Vista. Mutane da yawa sun manta cewa asalin Defender ke nan, ba ta kama bairos a lokacin. Sai a Windows 8, a 2012, aka haɗe ayyukan biyu wuri guda. Su Norton da McAfee da Kaspersky duk sun bi wannan hanya, ita ma Ad-Aware ta rikiɗe ta zama cikakken antibairos. Yau duk antibairos na kirki yana duba mai satar kalmar sirri da mai naɗar abin da ake bugawa a madannai da mai cusa talla, duk da inji ɗaya, kuma ba ya dogara da jerin sunaye kaɗai, yana lura da ɗabi'ar manhaja yayin da take aiki. Wanda ke da Windows 10 ko 11 da Defender a kunne ya riga ya mallaki manhajar da yake tambaya ko ya saya.

Abu ɗaya ya rage daga tsohuwar rigimar. Manhajojin da ke tsakanin halal da haram, irin masu sauya maka shafin bincike ko masu cewa za su hanzarta kwamfuta, an ware musu aji na daban, ana kiran su manhajojin da wataƙila ba a so. Toshe su zaɓi ne da ake iya kunnawa ko kashewa. A Windows yana cikin Windows Security, ƙarƙashin sashen kula da manhajoji da burauza, kuma tun 2021 Microsoft ya fara kunna shi kai tsaye. Minti ɗaya ya isa mutum ya leƙa ya tabbatar nasa a kunne yake, kuma wannan leƙawar ta fi masa amfani a kan sayen sabuwar manhaja.

Tara masu gadi biyu masu aiki a kowane lokaci ma illa ce. Kowanne yana son ya riga ɗan'uwansa taɓa duk fayil ɗin da aka buɗe, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci ɗaya ya ɗauki ɗayan a matsayin abokin gaba. Shi ya sa Defender ke ja da baya da kansa idan aka ɗora wani antibairos. Abin da nake ganin yana da ma'ana shi ne a ajiye mai dubawa na biyu wanda ba ya zama a kunne, sai an kira shi. Nau'in kyauta na Malwarebytes haka yake aiki, haka AdwCleaner, haka Microsoft Safety Scanner. Ranar da ka ga burauzarka ta koma wani shafin bincike da ba ka sani ba, ko talla na ɓullowa ba gaira ba dalili, ko datarka na ƙarewa ba ka yi komai ba, sai ka kira shi ya duba, domin babu injin da ke kama komai, kuma kamfanoni sun bambanta wajen tsananin da suke yi wa waɗancan manhajoji na tsaka-tsaki. A kwamfuta, iya nan ne tsohuwar shawarar ke da sauran rai.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake jin tsoron mutum ya fita neman manhajar kama leƙen asiri a intanet da ka. Tun a shekarun 2000 'yan damfara suka gane cewa tsoro yana sayar da kaya. Suka ƙirƙiro manhajojin bogi irin su WinFixer da SpySheriff, waɗanda ke nuna maka jan allo cewa kwamfutarka ta kamu, ka biya a wanke ta, alhali su ne cutar. FTC ta kai ƙarar wasu masu wannan sana'a a 2008, a 2012 kotu ta yanke hukuncin biyan sama da dala miliyan 163. Jikokinsu ne ke ɓullowa yau a waya, allo na girgiza, ana ce maka an gano bairos kaza, ka danna nan yanzu-yanzu. Shafin intanet ba shi da ikon duba cikin wayarka, duk wanda ya ce ya duba ƙarya yake. Ko halastattun ma ba a rufe ido a kansu. A 2020 aka bankaɗo cewa kamfanin Avast, mai antibairos ɗin kyauta da miliyoyin mutane ke amfani da shi, yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, kuma a 2024 FTC ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. Manhajar tsaro tana ganin duk abin da ke cikin na'ura, don haka kowace ka ƙara, ka ƙara wanda ka ba amanar sirrinka ne.

Yanzu ga inda matsalar ta koma, kuma nan ya fi damuna, domin a shagunanmu ake yin abin kullum. Mutum ya sayi laftof ta hannu, ya kai wa mai gyara a zuba masa Office da CorelDraw da Photoshop. Ba na lasisi ba ne, waɗanda aka fasa ne. Kafin mai gyaran ya jona filas ɗinsa, abu na farko da zai yi shi ne ya shiga ya kashe Defender. In ka tambaya, zai ce maka, Yallaɓai sai an kashe shi, shi ne yake cinye fayil ɗin. Wani ma zai sa jakar da fayil ɗin ke ciki a cikin jerin wuraren da aka hana Defender dubawa, don kada ka dawo gobe ka ce Office ya daina aiki. Ba mugunta yake yi ba, shi ma haka aka koya masa, kuma shafin da ya sauko da kayan haka ya umarce shi. Amma a duba abin da ya faru. Antibairos ya ga abu ya ce bai yarda da shi ba, aka rufe masa baki, aka ba abin cikakken iko a kan kwamfutar. Da akwai manhaja ta uku, ita ma da an kashe ta a wannan minti.

Ta irin wannan ƙofa ɓarayin bayanai na zamani ke shigowa, irin su RedLine da Lumma. Ba sa zama su yi ta damunka da talla kamar Gator. Cikin ɗan lokaci kaɗan suke kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza, da bayanan katin banki, da makullan asusun kirifto, da kuma 'yan ƙananan fayilolin da ke shaida wa Facebook ko Gmail cewa ka riga ka shiga. Wannan na ƙarshe shi ya fi muni, domin wanda ya same su yana iya shiga asusunka ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ko lambar da ake turowa a waya ba. A watan Mayu na 2025 Microsoft ya sanar cewa ya gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma ta kama cikin wata biyu kacal. Idan irin wannan ta shiga, duban da za ka yi washegari zai iya goge fayil ɗin, amma bayanan sun riga sun tafi. Abin yi a lokacin shi ne a ɗauki wata na'ura mai tsafta a sauya kalmomin sirri, a fara da na imel, a kuma umarci kowane asusu ya fitar da duk na'urorin da ke ciki.

Na san kuɗin lasisi da dala ake biya, kuma ɗalibi ko mai ƙaramin shagon buga takardu ba shi da su. Amma akwai LibreOffice da GIMP da Inkscape, kyauta ne kuma halas, sun ishi mafi yawan aikin da ake yi. Sannan a tuna cewa Microsoft ya daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, tallafin Windows 10 na gama-gari kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Ramin da ba a toshe ba a cikin Windows kansa, antibairos ba ya toshe shi.

A waya lamarin ya sha bamban, kuma yawancinmu a waya rayuwarmu take. A Android kowace manhaja a keɓe take a ɗakinta, shi ma antibairos ɗin manhaja ce kamar sauran, yana iya ganin sunayen abin da aka ɗora ya yi gargaɗi, amma ba shi da ikon da takwaransa na kwamfuta ke da shi. A iPhone ma Apple bai ba kowace manhaja damar leƙa cikin wata ba. Google yana da nasa mai dubawa, Play Protect, tun 2017, wanda ke zuwa a cikin wayar. Mafi yawan leƙen asirin da ake yi a waya kuwa da izinin mai ita ake yin sa. Manhajojin bashi sun nuna mana haka a Najeriya. Mutum na cikin matsi, yana neman dubu goma, allo ya tambaye shi ko ya yarda manhajar ta ga lambobin da ke wayarsa da saƙonninsa da hotunansa, ya danna ya yarda domin in bai danna ba babu bashi. Ya yi jinkirin biya na kwana kaɗan, sai surukinsa da limamin unguwa da shugabansa a wurin aiki su samu saƙo cewa wane ɓarawo ne. Babu mai dubawar da ya hana wannan, domin daga Play Store aka sauke su kuma da izini suka ɗauka. Hukuma ce ta taka musu birki. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10, a 2022 hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta far wa wasu daga cikinsu, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi neman izinin ganin lambobi da hotuna. Tsohuwar hujjar Gator ce ta dawo, cewa ai ya amince, illa dai wannan karon mutuncin mutum ake ɗauka.

Haka batun WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, su GBWhatsApp da danginsu, da matasa ke tura wa juna ta Xender don su ga saƙon da aka goge ko su ɓoye cewa suna kan layi. A 2021 Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin wani nau'in FMWhatsApp. Wanda ya ɗora irin wannan ya miƙa duk hirarsa ga wanda bai san ko wane ne ba. Wani lokaci ma laifin ba na mai wayar ba ne sam. A 2020 masu bincike suka ba da rahoton cewa dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru sun zo da Triada tun daga kwali, kamfanin kuma ya ɗora laifin a kan wani da ke cikin masu kawo masa kaya. Kwamfutocin Lenovo ma sun taɓa zuwa da wata manhajar cusa talla mai suna Superfish, abin da ya fito fili a 2015. Abin da aka dasa cikin tushen waya, mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ba ya cire shi, sai gyara daga kamfanin.

A can ƙololuwa akwai manyan manhajojin leƙen asiri irin su Pegasus na kamfanin NSO na Isra'ila, da ake sayar wa gwamnatoci. An fara tona shi a 2016 ta saƙon da aka tura wa wayar Ahmed Mansoor, ɗan rajin kare haƙƙi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A 2019 WhatsApp ya ce an yi amfani da shi a kan mutane kusan 1,400 ta hanyar kira kawai, ko ba a ɗaga ba. Cibiyar Citizen Lab ta Kanada ta samu malaman coci da 'yan adawa a Togo cikin waɗanda aka hara, a wani rahotonta na 2020 kuma ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta ce alamu sun nuna suna amfani da kayan kamfanin Circles, wanda ke bin diddigin waya ta cikin layukan sadarwa ba tare da an ɗora komai a wayar ba. Babu manhajar kasuwa da ke maganin waɗannan. Ɗan jarida ko lauya ko ɗan siyasar da ke da dalilin zargin ana bin sa, abin da ke gabansa shi ne sabunta waya a kan kari, da kunna yanayin kulle na musamman da Apple ya fito da shi a 2022 in iPhone yake riƙewa, da kai wayar ga ƙwararru irin na Amnesty, masu kayan binciken da ake kira MVT. Sauran jama'a ba su ne abin harin ba, kuma bai kamata tsoron Pegasus ya sa su sayi abin da ba zai yi musu komai ba.

Wanda ya fi kusa da talaka shi ne leƙen asirin cikin gida. Miji da mata, saurayi da budurwa, wani lokaci abokin kasuwanci. Akwai manhajojin da ake tallatawa da sunan kula da yara ko ma'aikata, wanda ya riƙe wayarka na 'yan mintoci kuma ya san lambar buɗe ta zai iya ɗora su, su ɓoye tambarinsu, su riƙa tura masa saƙonninka da hotunanka da inda kake. Ko ba a je ga dokar ƙasa ba, Musulmi ya san Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, kuma aure bai ɗage wannan hani ba. Abin takaici, a nan ma tarihi ya maimaita kansa: an daɗe kamfanonin antibairos da yawa ba sa yi wa waɗannan manhajoji gargaɗi mai ƙarfi, domin kamfanoni masu rajista ke sayar da su. Sai da Eva Galperin ta ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta matsa musu lamba a 2019, a ƙarshen shekarar aka kafa gamayyar yaƙi da irin waɗannan manhajoji tare da su Kaspersky da Malwarebytes, a 2021 kuma FTC ta haramta wa masu SpyFone wannan sana'a gaba ɗaya. A wannan fage kam, a wayar Android, ƙarin mai dubawa daga sanannen kamfani yana da amfani na gaske, musamman da yake wanda ya ɗora abin yakan fara da kashe Play Protect.

Duk da haka, yawancin masu wannan hali ba sa ma buƙatar wata manhaja. WhatsApp yana ba da damar haɗa asusu da wata na'ura, wanda ya karɓi wayarki da sunan zai kira wani yana iya haɗa ta da kwamfutarsa kafin ki dawo daga kicin, daga nan duk abin da aka rubuto miki yana gani. Babu antibairos ɗin da zai ce komai, domin WhatsApp ɗin gaske ne yake aikinsa. Haka wanda ya buɗe miki asusun Google da kansa ranar da aka sayi wayar, kuma har yau ya san kalmar sirrin, yana iya ganin inda wayar take da hotunan da ke hawa asusun. Waɗannan da ido ake gano su. A buɗe WhatsApp a duba jerin na'urorin da aka haɗa, a fitar da duk wadda ba a sani ba. A shiga asusun Google a ga na'urorin da ke ciki. A saitin waya a duba manhajojin da aka ba ikon gudanar da na'ura, da waɗanda aka ba damar sashen taimaka wa masu buƙata ta musamman, domin ta nan manhajojin leƙe ke karanta allo. Sababbin wayoyi kuma suna nuna ɗan ɗigo a saman allo duk lokacin da kyamara ko makirufo ke aiki.

Wadda ta samu irin wannan abu a wayarta kada ta yi gaggawar goge shi. Wanda ya ɗora zai gane an gano shi da zarar bayanai sun daina zuwa, kuma in mutum ne mai saurin hannu, ranar na iya zama mai hatsari. Ta fara ɗaukar hoton abin da ta gani da wata wayar daban don ya zama shaida, ta yi magana da wanda ta amince da shi cikin danginta ko lauya ba ta wannan wayar ba, sannan a tsara lokacin da za a cire shi a sauya lambar buɗe waya da kalmomin sirri a rana guda.